Tambaya da Amsa: Kuɗin gidauniyar ƙauye da masu neman kaso a ciki

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan kuɗin da mutanen ƙauye ke haɗawa ta karo-karo, da ƙungiyoyin jin ƙai da ke zuwa neman tallafi daga ciki. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren kwamitin gidauniyar ƙauyenmu. Bana ƙungiyoyi shida suka kawo kokon bara: masu kula da marayu, ƙungiyar iyaye da malamai, kwamitin ɗakin shan magani, matasa masu gyaran hanya, ƙungiyar mata, da ta masu buƙata ta musamman. Abin da muka tara bai kai rabin abin da suke nema ba. Wasu dattawa sun ce a raba daidai wa daida don kada ran kowa ya ɓaci. Ya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Shawarar dattawan nan daga kyakkyawar zuciya ta fito, amma ba mu goyi bayanta ba. Idan aka yanka kuɗin gida shida, ajin makaranta zai tsaya a kan linta ba rufi, hanya za ta sami tifa biyu ta ƙasa da ruwan farko zai wanke, ɗakin shan magani ya sayi firiji ba abin da zai ba shi wuta. Baɗi idan kuka koma gida-gida neman karo-karo, abin da za a tambaye ku shi ne, ina na bara? Ba ku da abu ɗaya kammalalle da za ku nuna.

Tun da kuɗin ya riga ya shigo hannu, ku fara da kiran taro ku amince da ƙa'idar rabo kafin a ambaci sunan kowace ƙungiya. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin da zarar an ce "marayu" ko "hanya", kowa zai auna ƙa'idar ne da abin da za ta kawo wa nasa. Daga baɗi kuma, ku rubuta ƙa'idar tun kafin a fara tara kuɗi.

Rabon da muke ba da shawara shi ne kashi 70 cikin 100 ga aiki ɗaya babba, ko biyu idan kuɗin zai kammala su, kashi 20 ga ƙananan tallafi, kashi 10 kuma ya zauna a asusu don larurar gaggawa kamar gobara ko ambaliya.

Kowace ƙungiya ta cike takarda mai shafi ɗaya, iri ɗaya ga kowa: mene ne aikin, mutum nawa zai amfana kuma su wane ne, nawa zai ci tare da ƙiyasin masu sayar da kaya biyu ko uku a rubuce, nawa ƙungiyar ta tara da kanta, wa zai kula da abin bayan an gama. Ku ƙara tambaya ta ƙarshe wadda ta fi sauran tona asiri: idan aka ba ku rabin abin da kuka nema, me za ku iya kammalawa da shi? Ƙungiyar da ta san aikinta za ta ce, za mu rufe aji ɗaya mu bar na biyu. Wadda ba ta yi lissafi ba za ta ce a dai kawo abin da ya samu.

Bayan haka mutum biyu daga kwamiti su je su gani da idonsu. Su ƙirga yaran da ke zaune a ƙasa, su duba littafin ƙungiyar marayun, su auna tsawon wurin da hanyar ta lalace. Sannan kowane ɗan kwamiti ya ba kowace buƙata maki daga 1 zuwa 5 a kan abubuwa biyar: tsananin larura, yawan masu amfana, ko kuɗin da ke hannu zai kammala aikin, gudunmawar ƙungiyar da kanta, da tsarin kula da abin nan gaba. Kowa ya rubuta nasa shi kaɗai, sai a haɗa. Wanda matarsa, ɗansa ko shi kansa yake cikin shugabannin wata ƙungiya ya fita waje lokacin da ake duba tata. Kwamitin ya kasance mutum 7 ko 9 don kada ƙuri'a ta yi canjaras, kuma a sa mata a ciki, domin su ne suka fi sanin gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba.

Akwai inda wannan tsarin maki yake da rauni, dole mu faɗa. Yana fifita aikin da ke taɓa mutane da yawa, don haka ƙungiyar masu buƙata ta musamman, mai mambobi goma sha biyar, ba za ta taɓa kayar da hanya ba. Dalilin ware kashi 20 ɗin nan ke nan: keken guragu biyu ko kuɗin makarantar marayu goma ba sa buƙatar jiran babban rabo. Ku kuma sa doka cewa wadda ta sami babban kaso bana ba za ta nema ba baɗi.

Waɗanda ba su samu ba, kada su ji a bakin duniya. Shugaba da sakatare su same su, su nuna musu makin, su gaya musu abin da za su gyara.

Tambaya: Mu ƙungiyar mata ce ƙarama, muna taimaka wa zawarawa da kayan sana'a. Sau biyu muna kai buƙata gaban kwamitin gidauniya ana wuce mu. Me muke yi ba daidai ba?

Amsa: Malama, ba mu ga takardarku ba, amma kuskuren da ya fi yawa a irin wannan shi ne neman "tallafi" ba tare da faɗin abin da za a saya ba. Kwamiti yana jin tsoron buƙatar da ba ta da iyaka. Ku rubuta cewa kuna son keken ɗinki huɗu don mata huɗu da suka riga suka koyi ɗinki, ga ƙiyasin mai shago, ga kashi ɗaya cikin huɗu da kuka tara da kanku, ga wadda za ta ajiye kekunan da sunan ƙungiya, kuma kowace mai amfana za ta riƙa mayar da wani abu kaɗan duk mako don a saya wa ta biyar. Wannan buƙata ce da mutum zai iya riƙewa a kai ya maimaita wa maƙwabcinsa.

Ku tafi da littafinku na shiga da fita, ko da na makaranta ne mai layi-layi, muddin an rubuta kwanan wata da sa hannu. Ku nemi ƙarami a karon farko, ku kammala shi, ku dawo da rasit da rahoto ba tare da an aiko muku ba. Ƙungiyar da ta yi haka sau ɗaya, da wuya a sake wuce ta.

Wata magana kuma: ku kare mutuncin matan da kuke taimaka wa. Ba sai an tsayar da bazawara gaban taro tana ba da labarin talaucinta ba. Sunayensu su tsaya wurin mutum biyu na kwamiti da za su tantance, jama'a kuma a gaya musu adadi.

Tambaya: Mun ƙaddamar da gidauniyar gina ajujuwa, aka yi taro babba, manyan baƙi suka yi alƙawura a lasifika aka yi ta tafi. Yau wata takwas, abin da ya shigo bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, ga shi mun riga mun ba magini aiki. Ina mafita?

Amsa: Matsala biyu ce a nan, Malam: ta yanzu da ta gaba.

Ta yanzu, ku zauna da maginin ku sake yanka aikin gwargwadon kuɗin da ke hannu. Gara a kammala aji ɗaya har da ƙofa da taga a zuba yara, da a ja katangar uku a bari damina ta ci. Idan akwai siminti da aka riga aka saya, a fara amfani da shi, domin siminti ba ya son ajiya: yana shan danshi ya dunƙule, kuma ƙarfinsa yana raguwa bayan kamar wata uku. A ɗora shi kan katako nesa da bango. Masu alƙawari kuwa, a rubuta wa kowa wasiƙar godiya mai ɗauke da adadin da ya ambata da hoton inda aiki ya kai, a ba shi zaɓin biya kashi-kashi ko ya kawo kaya a maimakon kuɗi. Wanda ya gayyato baƙon shi ya kamata ya kai wasiƙar da hannunsa. Kada ku karanta sunayen waɗanda ba su cika ba a bainar jama'a. Kuɗin ba zai zo ta haka ba, mutumin kuma kun rasa shi har abada.

Don gaba, ku riƙe cewa alƙawarin lasifika ba ya shiga kasafi sai ya zama kuɗi a asusu. A ranar taro a ajiye tebur da mutum biyu, ɗaya na karɓa ɗaya na yanka rasit mai lamba da kwafi, a kuma ba duk mai alƙawari kati ya rubuta adadi da ranar biya ya sa hannu. Kuɗin shirya taron, wato rumfa, kujeru, lasifika da sauransu, kada ya wuce kashi 10 na abin da kuke sa ran samu a hannu. An sha ganin taron da hidimarsa ta cinye abin da aka tara a ranar.

Abu mafi amfani shi ne ku tara wani kaso mai tsoka a asirce kafin ku fito fili. Masana tattalin arziki biyu, John List da David Lucking-Reiley, sun gwada wannan a Amurka, suka wallafa sakamakon a 2002. Sun aika wasiƙun neman gudunmawa ga mutum 3,000 don sayen kwamfutoci ga wata cibiya ta Jami'ar Central Florida. Wasu an gaya musu an riga an sami kashi 10 na kuɗin, wasu kashi 33, wasu kashi 67. Abin da aka samu daga waɗanda aka gaya wa kashi 67 ya kusa ninka na masu kashi 10 sau shida. Dalilin a fili yake: mutum yana son ya sa kuɗinsa inda ya ga alamar za a gama, kuma ganin wasu sun riga sun amince yana kwantar masa da hankali. Don haka ku fara da 'yan kwamiti da masu hali na cikin gari, ku fito taro kuna cewa ga abin da ke hannu, ga abin da ya rage.

Idan kuna da 'yan gari mazauna birni ko ƙasashen waje, ku roƙe su su yi alƙawarin ɗora kwatankwacin duk abin da aka tara a gida, har zuwa wani iyaka. Dean Karlan da John List sun gwada wannan da wasiƙu sama da 50,000, suka wallafa a 2007. Sanar da cewa wani zai ɗora kwatankwaci ya ƙara abin da ake samu da kashi 19, amma ninka shi biyu ko uku bai ƙara komai a kan ɗaya-da-ɗaya ba. Ke nan ba sai kun matsa wa mai ɗorawar ya ninka da yawa ba. Gwamnati ma kan shiga irin wannan: Meziko ta taɓa gudanar da wani shiri na ƙasa baki ɗaya, wanda ta fara a 2002, inda duk abin da ƙungiyoyin 'yan ci-rani suka aiko don aikin garinsu, gwamnatin tarayya da ta jiha da ƙaramar hukuma kowacce ke ɗora kwatankwacinsa. Ku tambayi hukumar yankinku ko tana da wani abu mai kama da haka kafin ku fara gini.

Tambaya: Ma'ajinmu dattijo ne mai gaskiya, shekara da shekaru kuɗin gidauniya a asusunsa na banki yake zama. Matasa sun fara gunaguni. Idan muka ce a canza, kamar mun zarge shi ne.

Amsa: Ku gabatar da canjin a matsayin kariya gare shi, domin haka yake a zahiri. Kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya haɗari ne ko da shi waliyyi ne. Idan ya rasu, kuɗin ya shiga cikin dukiyar magada har sai an yi ta kai-komo. Idan ana bin sa bashi, za a iya taɓa shi. Idan kuma lissafi ya ɗan sha bamban, ba shi da abin da zai wanke kansa.

A buɗe asusu da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku daga gidaje daban-daban, ba a fitar da kuɗi sai biyu sun sa hannu. Banki zai nemi tsarin mulkin ƙungiya da takardar taron da aka zaɓi masu sa hannun, wani lokaci da shaidar rajista, don haka ku tambayi abin da dokar ƙasarku ta tanada game da rajista da izinin tara kuɗi daga jama'a. Saƙon shiga da fitar kuɗi ya riƙa zuwa wayar mutum biyu. Inda banki ya yi nisa, a yi koyi da tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a Nijar a 1991, wanda ya bazu ƙasashe da dama: akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullai a hannun mutum uku, akwatin a gidan na huɗu, ba a buɗe shi sai a gaban taro, kuma a ƙirga kuɗin da babbar murya.

A raba ayyuka: mai karɓar kuɗi daban, mai rubuta littafi daban, mai sayen kaya daban. Ƙungiyar da aka amince a tallafa wa, a biya mai sayar da kayan kai tsaye maimakon a danƙa wa shugabanta tsabar kuɗi. Babban aiki a biya shi kashi uku, 40 a farko, 40 idan an kai matakin da aka rubuta, 20 bayan an duba an karɓa. Duk wata uku a manna takardar shiga da fita inda kowa ke wucewa, a kuma karanta ta a taro saboda waɗanda ba sa karatu.

Taro kaɗai ba ya wadatarwa. Masanin tattalin arziki Benjamin Olken ya yi nazarin ayyukan hanya a ƙauyuka 608 na Indunusiya, ya wallafa a 2007. Injiniyoyi sun haƙa samfur daga hanyoyin da aka gina, suka auna dutse da yashin da aka zuba, suka gwada da abin da aka rubuta an kashe. A ƙauyukan da aka sanar tun farko cewa tabbas masu binciken kuɗi na gwamnati za su zo, kuɗin da ya yi ɓatan dabo ya ragu da kusan maki 8 cikin 100. Ƙara gayyatar jama'a zuwa taro ya taimaka wajen kuɗin ƙwadago, amma bai hana ɓacewar kuɗin kayan aiki ba, domin mutum ya san nawa aka biya shi, bai san tifa nawa aka zuba ba. Saboda haka ku sami mutum biyu da ba sa cikin kwamiti, ɗaya ya iya lissafi ɗaya ya san gini, ku sanar tun kafin a fara cewa za su ƙirga buhuna da rodi su gwada da rasit.

Tambaya: Shekara biyu da suka wuce muka haɗa kuɗi aka haƙa rijiyar burtsatse da famfon tuƙa-tuƙa. Yanzu ya lalace, kwamitin ruwa ya dawo gidauniya neman kuɗin gyara. Mu ba su?

Amsa: Ku ba su sau ɗaya, da sharaɗi. Famfo yana da sassan da dole su cinye da aiki: robar da ke jan ruwa a cikin silinda, bawul na ƙasa, boris na hannu, da sarƙa a irin famfon da ake kira India Mark II. Waɗannan kuɗinsu kaɗan ne idan an canza a kan lokaci, amma idan aka bari ana ta tuƙa famfo mai sassauci, sai sanda ta tsinke ko bututu ya faɗa rami, gyara ya koma babba. Ku sa makaniken ya gaya muku ainihin abin da ya lalace. Idan ruwan yana fitowa ja da warin ƙarfe, tsatsa ce ke cin bututun, abin da ke faruwa inda ruwan ƙasa yake da tsami, kuma maganinsa a sauya zuwa bututun roba da sandar da ba ta tsatsa. Irin famfon da ake kira Afridev an ƙera shi ne yadda za a iya zaro fistin da bawul ba tare da an ɗago bututu ba, shi ya sa mutum biyu da aka koya wa za su iya yi masa ƙaramin gyara. Ku kuma duba yawan masu ɗiba: ma'aunin Sphere na ayyukan agaji ya sa mutum 500 ga famfon hannu ɗaya, fiye da haka lalacewa za ta yi ta maimaituwa.

Sharaɗin shi ne kwamitin ruwa ya kafa asusun gyara: kowane gida ya riƙa ba da wani abu kaɗan duk wata, a yafe wa gidajen da aka tantance ba su da hali, a sayi robobi da boris a ajiye, a sa mutum ɗaya mai duba noti da shafa giris. Gidauniyar shekara don sabon aiki take, kada ta zama mai biyan kuɗin gudanar da tsofaffi.

Tambaya: Mun tara kuɗin aikin tiyata ga wani maƙwabci, Allah ya yi masa rasuwa kafin a yi. Iyalinsa na ganin kuɗin nasu ne, wasu masu bayarwa na cewa a mayar musu.

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya ba iyalinsa haƙuri. Kuɗin an bayar da shi ne don wata manufa, saboda haka masu bayarwa ne ke da ta cewa idan manufar ta faɗi. A fara biyan duk bashin asibiti da na magani da ya bari, tunda wannan yana cikin abin da aka tara dominsa. Ragowar kuma a sanar da masu bayarwa adadinsa, a ba su mako biyu: wanda ke son nasa a mayar masa gwargwadon kason da ya rage, wanda ya yarda a bai wa iyalin ko a sa a asusun gaggawa ya faɗa. Abin da aka jefa a akwati ba suna, taro ne zai yanke inda za shi, a rubuta a littafi. Nan gaba, duk sanarwar neman taimako ta ƙunshi layi ɗaya da ke faɗin inda kuɗi zai tafi idan ya yi rara ko buƙatar ta wuce, kuma kuɗin jinya a riƙa biyan sa kai tsaye ga asibiti a karɓi rasit.